Jarfa da tsage: Abin da leza ke iya gogewa da wanda ya fi ƙarfinta

Duk wanda ya taɓa zama gidan biki a unguwar Sheshe, cikin birnin Kano, zai lura da wani abu. Lallen da ke hannun 'yan mata na mako biyu ne ko uku, ya kama gabansa. Amma jarfar da ke fuska ko wuyan wasu tsofaffi tana nan tun suna 'yan mata, ranar da wanzami ya tsaga fatar da aska ya goga baƙin tukunya.

A da kwalliya ce. Tsage irin su bille da shasshawa kuwa shaidar gida ce da asali. Yanzu lamarin ya juya. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro zane ko tsaga a jiki. Sanarwar ɗaukar sabbin sojoji kan gindaya sharaɗin kada a ga zane a jikin mai nema, malamai kuma na kafa hujja da hadisan Bukhari da Muslim wajen hani ga zanen da ba ya fita. Saurayin da ya zana sunan budurwa a dantse lokacin ƙuruciya, yau shi ke neman yadda zai rabu da shi.

A nan ake ambaton na'urar leza, kuma a nan mutane ke ruɗewa, domin jarfa daban, tsage daban.

Jarfa launi ne da ya zauna a ƙarƙashin fata. Leza na harba haske mai ƙarfi cikin ƙasa da ƙiftawar ido, baƙin ya zuƙe shi, ya farfashe zuwa ƙananan ɓurɓushi, sannan ƙwayoyin garkuwar jiki su riƙa kwashewa a hankali. Likitoci biyu a Amurka, Rox Anderson da John Parrish, suka bayyana wannan hikima a 1983. Abin mamaki, baƙin tukunyar wanzami ya fi tawadar masu zanen zamani saurin fita, saboda bai kai ta yawa ba. Duk da haka ba aikin rana ɗaya ba ne. Akan bar mako shida zuwa takwas tsakanin zama da zama, zane mai kauri kuma kan ci zama shida zuwa goma, ko fiye. Akwai zafi, akwai kuɗi.

Tsage kuwa tabo ne, fatar ce aka yanka ta warke a haka. Babu launin da za a farfasa. Iyakar abin da likita zai yi shi ne ya rage zurfinsa da leza ta daban ko da tiyata. Wanda ya ce maka zai shafe bille tas kamar ba a taɓa yi ba, riƙe kuɗinka.

Sai batun baƙar fata. Sinadarin da ya ba mu launinmu shi ma yana zuƙar hasken, don haka na'urar da ba ta dace ba kan ƙona wurin, ta bar farin tabo ko wani baƙin da ya fi na farko muni. Wadda likitocin fata suka fi aminta da ita ga irin fatarmu ita ce Nd:YAG, kuma sukan fara gwadawa a ɗan wuri kaɗan. Mai jikin da tabo ke yi wa tudu, ko da hujin kunne ne, ya faɗa wa likita tun kafin a taɓa shi.

Mafi haɗari shi ne dabarar gida: ruwan batir, ƙarfe mai zafi, ko dirza gishiri. Waɗannan ba sa kai wa ga launin sai sun cinye fatar da ke samansa. Daga Sheshe zuwa Asibitin Murtala ba nisa, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A fara neman ganin likitan fata, ya duba ya ce jarfa ce ko tsage, kafin a biya wa kowa ko sisi.