Gahawa da Sauyin Yanayi: Neman Iri Mai Jure Zafi, Mai Ƙarancin Kafeyin

Gabatarwa

Gahawa, wadda mutanen birni suka fi sani da kofi, tana cikin manyan kayan gona da ƙasashen duniya ke ciniki a kansu, yawancin masu nomanta kuwa ƙananan manoma ne a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka. A yau ana neman abubuwa uku daga wannan itace a lokaci guda. Manomi yana son irin da zai jure zafi da cuta. Mai saye na alfarma yana son ɗanɗano mai daraja. Sa'an nan ga masu sha da yawa da ke son gahawar da ba za ta hana su barci ko ta sa musu faɗuwar gaba ba, watau mai ƙarancin sinadarin kafeyin, wanda shi ne kuma ke sa mai cin goro ya wartsake. Wannan lacca za ta bayyana dalilin da ya sa haɗa waɗannan halaye uku a jikin itace ɗaya yake da wuya, da kuma inda masana suka kai a wannan aiki.

Asalin matsalar

Gahawar da ake sha a duniya kusan dukkanta iri biyu ce: Arabika da Robusta. Arabika ita ce mai daɗin ƙamshi, asalinta dazuzzukan tsaunukan kudu maso yammacin Habasha, kuma ta fi son wuri mai sanyi inda matsakaicin zafin shekara yake tsakanin digiri 18 zuwa 22. Shi ya sa a Nijeriya ake nomanta a kan tsaunin Mambila. Robusta kuwa 'yar ƙasa-ƙasa ce, ta fi jure cuta, amma tana da ɗaci, kafeyin ɗinta kuma ya kusa ninka na Arabika: wajen kashi 2.2 cikin ɗari na nauyin ƙwayar, alhali Arabika tana da kamar kashi 1.2.

Raunin Arabika ya samo asali ne daga tarihin yaɗuwarta. Daga Habasha ta haye zuwa Yaman, inda aka fara nomanta sosai. Daga 'yan itatuwan Yaman ne mutanen Holan suka sami irin da suka shuka a tsibirin Jawa a ƙarshen ƙarni na 17. A 1706 aka kai dashe daga can zuwa lambun birnin Amsadam, a 1714 kuma aka ba Sarkin Faransa kyautar itace ɗaya daga zuriyarsa. Jikokin wannan dashe su ne ake kira Tifika. Faransawa kuma suka ɗauki wani iri daga Yaman zuwa tsibirin Burbon, wanda yanzu ake kira Reyuniyon, wajen 1715, shi ne asalin irin Burbon. Galibin gonakin Arabika na nahiyar Amurka daga waɗannan gidaje biyu suka fito. Bugu da ƙari, Arabika kan yi wa kanta barbara, garin furenta ya faɗa wa furenta, saboda haka ɗa ba ya bambanta da uwa sai kaɗan. Abin da ya biyo baya shi ne miliyoyin itatuwa masu jini kusan ɗaya, ta yadda duk cutar da ta iya kayar da guda ɗaya za ta iya kayar da sauran.

Haka kuwa aka yi. A 1869 cutar tsatsar ganye ta ɓulla a Silon, ƙasar da yanzu ake kira Siri Lanka. Wata irin funfuna ce mai fitowa a ƙarƙashin ganye kamar garin tsatsa, ganyen ya kaɗe, itacen ya kasa ciyar da 'ya'yansa. Cikin shekaru kamar ashirin ta rushe noman gahawa a tsibirin, masu gonaki suka koma noman shayi. Cutar ta isa Burazil a 1970, a 2012 da 2013 kuma ta yi mummunar ɓarna a Amurka ta Tsakiya, inda dubban ma'aikatan gona suka rasa abin yi. Ƙaruwar zafi tana taimakon wannan cuta, domin tana ba ta damar hawa tsaunukan da a da sanyi yake tsare su. Wani bincike da aka buga a 2015 ya yi ƙiyasin cewa kafin 2050 ƙasar da ta dace da noman gahawa a duniya za ta iya raguwa da kamar rabi.

Maganin farko da abin da ya jawo

Haɗa Arabika da Robusta domin a sami ƙarfin wannan da daɗin waccan ba abu ne mai sauƙi ba. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai zaruruwa masu ɗauke da gado, waɗanda masana ke kira kuromosom. Arabika tana da 44, Robusta da sauran dangin gahawa na daji suna da 22. Idan aka yi musu barbara, ɗan da ke fitowa yakan zo da 33, kuma galibi ba ya haihuwa, kamar dai alfadari.

Amma da ikon Allah, a shekarun 1920 aka tarar da wani itace a tsibirin Timo wanda ya fito daga barbarar Arabika da Robusta ba tare da sa hannun kowa ba, yana da zaruruwa 44, yana haihuwa, kuma tsatsa ba ta kama shi. Cibiyar binciken tsatsar gahawa da aka kafa a Fotugal a 1955 ta haɗa shi da gajerun irin Arabika masu yawan 'ya'ya, aka sami gidajen da ake kira Katimo da Sarcimo. Daga wannan jini Kolombiya ta fitar da irin Kolombiya a 1982 da Kastilo a 2005, Kenya kuma ta fitar da Ruiru 11 a 1985.

Waɗannan sun ceci gonaki masu yawa, sai dai sun zo da illa biyu. Ta farko, masu ɗanɗano sun daɗe suna ƙorafin cewa wasu daga cikinsu sun gaji kaushin Robusta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a kasuwar gahawa ta alfarma ana ba da maki ne cikin ɗari, kuma sai wadda ta kai 80 ake karɓa a wannan aji mai tsada. Ta biyu, funfunar ita ma tana sauya kama. A 2017 aka tabbatar a Honduras cewa irin Lempira, wanda aka dogara da shi saboda jure tsatsa, ya fara kamuwa.

Iri ruwa-biyu

Ganin haka ne masana suka koma ga Arabika ta daji, wadda ba ta bi ta Yaman ba. Dabarar ita ce a ɗauki uwa da uba masu nisan jini, a haɗa su, a shuka 'ya'yan farko kai tsaye. Irin wannan ruwa-biyu yakan fi iyayensa ƙarfi da yawan amfani, kamar yadda manoman masara suka sani. Misali sananne shi ne Santaro-Amerikano, wanda masanan Faransa da na Amurka ta Tsakiya suka fitar a 2010. Ɗaya daga iyayensa Sarcimo ne, ɗayan kuwa Rume Sudan, wata Arabika ta daji daga tsaunin Boma da ke Sudan ta Kudu a yau. Yana jure tsatsa, yana yin kyau a ƙarƙashin inuwar itatuwa, kuma a gasar ɗanɗano ta Nikaraguwa a 2017 ya sami maki fiye da 90.

Cikas ɗinsa shi ne, manomi ba zai iya ajiye ƙwayarsa ya shuka ba, domin jikoki sukan rarrabu, wani ya ɗauko kaka, wani kakan. Dole a riƙa yaɗa shi daga ɗan yankin ganye a ɗakin gwaji, abin da ke sa dashensa ya yi wa ƙaramin manomi tsada. An sami sauƙi da aka gano wani itace wanda furensa ba ya yin gari. Idan aka shuka shi kusa da uban da ake so, ƙudan zuma su ne za su yi barbarar, kuma duk ƙwayar da ya haifa ruwa-biyu ce. Ta haka aka sami irin Sitamaya, wanda ake yaɗawa da ƙwaya.

Batun kafeyin

Cire kafeyin a masana'anta tsohon abu ne. Wani ɗan kasuwa Bajamushe na birnin Biremen, Ludwig Roselius, shi ya fara sayar da irin wannan gahawa a 1906. Har yanzu ana yi, ta hanyar jiƙa ɗanyar ƙwaya a wanke sinadarin da ruwa ko da wasu magunguna, amma aikin yana da tsada, yakan rage ƙamshi, kuma ribarsa tana zuwa ga mai masana'anta, ba ga manomi ba. Da itacen ne da kansa yake haifar ƙwaya mai ƙarancin kafeyin, da ƙarin kuɗin ya tsaya a gona.

Irin wannan itace akwai shi. A Reyuniyon wani reshe na Burbon ya sauya halitta ya zama Lorina, mai tsinin ƙwaya, mai kafeyin kamar kashi 0.6 cikin ɗari, watau rabin na sauran Arabika. Ɗanɗanonta yana da zaƙi, farashinta yana da tsada ƙwarai, amma ba ta da yawan 'ya'ya, kuma tsatsa tana cinta. A 2004 masana a Kamfinas ta Burazil suka sanar da abin da ya fi wannan. Sun auna itatuwa 3,000 'yan asalin Habasha da ke ajiye a cibiyar binciken aikin gona ta garin, suka sami guda uku waɗanda kafeyin ɗinsu bai kai kashi 0.1 cikin ɗari ba. Aka yi murna, ana zaton nan da 'yan shekaru za su shiga kasuwa. Sai aka tarar itatuwan ba su da yawan haihuwa, furensu kuma ba ya fitowa lokaci ɗaya. Dole aka shiga haɗa su da irin gona mai albarka, kuma a 2023, bayan kusan shekara ashirin, aikin yana matakin gwaji a gonaki.

A daji ma akwai dangin gahawa marasa kafeyin sam. Madagaska tana da su da yawa, sai dai galibinsu suna da ɗacin da ba ya shayuwa. A 2008 aka bayyana wani sabon jinsi daga dajin Bakosi a Kamaru, wanda shi ne na farko marar kafeyin da aka samu a tsakiyar Afirka. Amma duk waɗannan masu zare 22 ne, saboda haka matsalar alfadari tana nan.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a yi: mene ne amfanin kafeyin ga itacen kansa? Guba ne ga ƙwari da yawa, yana kare ɗanyen ganye da ƙwaya. Wani bincike na 2013 ya kuma nuna cewa ɗan kafeyin da ke cikin ruwan fure yana sa ƙudan zuma su riƙa tuna furen suna komowa. Duk da haka, babban maƙiyin gahawa, ƙwaron da ke huda 'ya'yanta, bai damu da shi ba, domin a 2015 an gano ƙwayoyin halitta a cikin hanjinsa masu narkar da sinadarin. Ashe ke nan tasirin rage kafeyin ya danganta da irin ƙwarin da ke wuri, kuma ba a sanin sa sai an gwada a gona shekara da shekaru.

Labarin Saliyo

Game da zafi, babban albishir ya fito ne daga Afirka ta Yamma. Akwai wata gahawa mai baƙaƙen 'ya'ya, mai suna Sitenofila, wadda ake nomawa a Saliyo a ƙarni na 19, har Turawa suna yabon daɗinta. Da Robusta ta zo da yawan amfani sai aka watsar da ita, aka ma daina ganinta. A 2018 Aaron Davis na lambun Kiyu a Ingila, tare da Jeremy Haggar da Daniel Sarmu ɗan Saliyo, suka sake gano ta a daji. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna tana rayuwa a wurin da matsakaicin zafin shekara ya kai digiri 24.9, watau fiye da digiri 6 sama da na Arabika, kuma yawancin ƙwararrun da suka ɗanɗana ta ba tare da sanin sunanta ba sun ɗauka Arabika ce. Ita ma dai tana da ƙarancin 'ya'ya, kuma ba marar kafeyin ba ce.

Kammalawa

Idan aka duba duka, za a ga kowane hali da ake nema yana jikin wani itace dabam: jure tsatsa a zuriyar Timo, jure zafi a Sitenofila, ƙarancin kafeyin a Lorina da itatuwan Kamfinas, ɗanɗano a Arabikar Habasha. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, ga shi nan ana neman tauna huɗu. Har ila yau itacen gahawa sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya fara haihuwa, saboda haka fitar da sabon iri ta tsohuwar hanya yakan ci shekara 25 zuwa 30. Karanta jerin ƙwayoyin gado na Robusta a 2014 ya taimaka, domin yanzu ana iya auna ganyen dashe a zaɓi mai halin da ake so tun yana ƙarami, amma bai kawar da gwajin gona ba.

Darasin da ya shafi masu tsara manufofin gwamnati shi ne, kowane ci gaba da aka ambata a nan daga itacen daji ko daga lambun ajiyar iri ya taso. Itatuwan Kamfinas sun yi shekaru da dama a ajiye kafin a san darajarsu. Amma a 2019 masanan Kiyu sun bayyana cewa kashi 60 cikin ɗari na jinsunan gahawa na daji 124 suna fuskantar barazanar ƙarewa, galibi saboda sare daji. Yawancin waɗannan jinsuna a Afirka da Madagaska suke. Ƙasar da ta tsare dajinta, ta ci gaba da ba cibiyoyin bincikenta kuɗi ko da ba a ga riba nan take ba, ita ce za ta sami abin da za ta ba manomanta ranar da irin yau ya gaza.