Baƙin Fitila: Malam-buɗe-littafi na Dare



Duk wanda ya taɓa zama a tsakar gida a farkon damina, bayan ruwa ya ɗauke, iska ta lafa, ya ga yadda ƙwari masu fukafukai ke kewaye fitila har su faɗa cikin kwanon miya, to ya riga ya san baƙinmu na yau, ko da kuwa iyakar mu'amalarsa da su ita ce ya sa mafici ya kore su. 'Yan'uwan malam-buɗe-littafi ne, amma na dare. Kuma masana halittu sun rubuta sunayen irinsu kimanin 160,000, alhali na rana, waɗanda kowa ke yabon adonsu, ba su wuce 20,000 ba.

Alamar farko ta rarrabe su tana ga 'yan ƙahonnin nan biyu da ke kansu. Na rana, bakin ƙahonsa yana da ɗan ƙulli kamar kan ashana, na dare kuwa nasa siriri ne har ƙarshe, ko kuma mai gashi-gashi. Sa'an nan galibi na rana yakan haɗe fukafukansa sama idan ya sauka, na dare ya shimfiɗa nasa.

Mai sha'awar wannan fanni ba ya bukatar dukiya. Farin yadi zai rataya a igiya, ya haska shi da fitila mai ƙarfi a daren da babu farin wata, ya zauna da haƙuri. Ƙwarin da ba su damu da haske ba kuwa, sai ya dama nunanniyar ayaba da sukari ya shafa a jikin itace. Amma inda aikin yake zama ilimi shi ne wajen ɗaukar hoto, domin hoton da ba shi da sanadi, a ganina, ado ne kawai. Wajibi ne ya ɗauki hoton ƙwaron ta sama, ya sake ɗaukarsa ta gefe, ya ajiye ma'auni kusa da shi don a san girmansa, ya rubuta rana da sunan gari, kuma ya kiyayi taɓa fukafukin, saboda garin nan da ke manne wa yatsa shi ne ke ɗauke da launi da zanen da ake gane jinsi da su. Bayan haka sai ya ɗora a dandali irin iNaturalist, inda masana daga nesa za su taya shi tahƙiƙin suna. Kafin asuba ya kashe fitila ya kakkaɓe yadin, kada ya tara wa tsuntsaye kalaci.

Kada wani ya ce wannan shagalin Turawa ne. Zaren tsamiya da magabatanmu suke yi wa manyan riguna aiki da shi, daga saƙar tsutsar wani daga cikin ƙwarin nan yake fitowa, wanda masana ke kira Anaphe. Haka kuma a shekarar 2016, wani ɗan mitsitsi mai suna Tuta absoluta, wanda asalinsa Kudancin Amurka ne, ya halaka gonakin tumatir a Kano da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa. A cikin shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar nan mai cin masara a Afirka ta Yamma, ita ma uwarta mai tashi ce da dare. Abin da ke damuna shi ne, Ingila ta daɗe da ɗimbin masu sa kai da ke rubuta abin da ya zo fitilarsu, mu kuwa garuruwanmu da yawa ba a taɓa yi musu irin wannan lissafi ba, alhali hoto guda mai rana da wuri, in ya isa hannun malamin gona da wuri, yana iya zama labarin farko na baƙon da ya shigo ƙasa.