Atili: Itacen Da Ake Ci Ba A Shukawa

Duk wanda ya bi hanyar Zonkwa zuwa Kafanchan a watan Disamba, lokacin da hunturu ya busar da ciyawa, ƙura ta rufe duwatsu, to, idonsa ba zai rasa sauka kan wasu manyan itatuwa masu duhun ganye ba, sun yi tsaye a bayan gidaje da bakin gonaki. Waɗannan su ne itatuwan atili. A Fadan Kaje, ƙasar Bajju, su ne ƙawar gari idan rani ya shigo, kuma 'ya'yansu, masu launin shuɗi-baƙi, su ne mata ke kasawa a kasuwa.

Turawan Ingila ma suna da nasu itacen hunturu, wanda suke kira holi, watau mai ganyen ƙaya da jajayen 'ya'ya da ake gani a katin Kirsimeti. Shi holi ƙwayarsa takan yi shekara ɗaya da rabi, ko fiye, a ƙasa kafin ta tsiro, amma duk da haka suna shukawa, suna jira. Ya yi kama da atili ta fuska guda, domin kowannensu akwai namiji akwai mace, kuma macen ce kaɗai ke yin 'ya'ya.

Abin damuwa shi ne yawancin atilin da ake cin moriyarsa yau gado ne. Masu katako da masu gawayi suna sara, gobarar daji tana cinye ƙananan, alhali kuwa masu shukawa kaɗan ne.

Shukar ba ta da wuya, haƙuri kawai take so. Sai a zaɓi 'ya'yan da suka nuna sosai a jikin uwa mai kyau, a cire tsokar, a wanke ƙwallon. Da yake ɓawonsa na da tauri ƙwarai, akan jiƙa shi a ruwa kafin a binne shi cikin leda mai ƙasa da taki, a ajiye a inuwa, a riƙa ba shi ruwa. Kada a yi saurin fid da rai, domin wani ƙwallon sai ya yi watanni kafin ya fito. Idan damina ta sauka, wajen Afrilu ko Mayu, sai a dasa, a kewaye da ƙaya saboda awaki, a kuma share ciyawar gindinsa kafin lokacin ƙunar daji.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a kiyaye. Na farko, ba a gane namiji da mace sai itacen ya yi fure, saboda haka kada a shuka ɗaya tak. Na biyu, atili yakan kai tsawon mita 40, don haka ba a dasa shi kusa da bangon ɗaki.

Mai shuka atili zai jira shekaru kafin ya ɗanɗana. Amma daga nan ga 'ya'yan da ake jiƙawa a ruwan ɗumi a ci, ga man atili irin wanda Pankshin ta Jihar Filato ta yi suna da shi, ga ƙaro na turare, ga inuwa. Kakannin da suka bar waɗannan itatuwa a Fadan Kaje sun bar wa jikokinsu abin ci da na sayarwa. Ya rage ga mutanen yau su binne ƙwallo tun kafin gatari ya gama da na tsaye.