Sauyin Yanayi da Lambunan Adana Tsirrai a Abuja: Matsayin Sunayen Itatuwa na Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin yadda sauyin yanayi ke tilasta wa lambunan adana tsirrai sake zaɓen abin da suke shukawa, da kuma rawar da harshe zai taka a cikin aikin. A lambun Kew da ke Landan, farin 2022 ya kashe itatuwa fiye da 400, kuma rahoton da lambun ya fitar a 2024 ya nuna cewa fiye da rabin itatuwansa na iya shiga haɗari kafin 2090. Itace kuwa ba gero ba ne da za a sauya iri baɗi. Wanda ya dasa maɗaci yau, yanayin shekaru hamsin masu zuwa ya dasa wa.

2.0 Halin da Abuja ke Ciki

Abuja, wadda ta zama babban birnin tarayya a ranar 12 ga Disamba, 1991, tana cikin yankin dajin doka da maje da kaɗanya da ɗorawa, inda damina kan kama daga Afrilu zuwa Oktoba. Akwai lambun Sarius Palmetum a Maitama, akwai kuma ɗakin adana busassun tsirrai na Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Idu. Yayin da zafi ke ƙaruwa, itatuwan ado da aka kawo daga wurare masu laima sai sun sha ban-ruwa da rani kafin su rayu. Saboda haka hankali zai karkata ga itatuwan arewa da suka tsallake farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984: aduwa da kurna da magarya da bagaruwa da gawo. Sai dai juriyar fari ba ta nufin juriyar ruwa mai yawa, don haka dole a jarraba kowanne tukuna.

3.0 Suna a Matsayin Ma'ajiyar Ilimi

A nan ne masanin harshe ke shigowa. Manomin Katsina ya san gawo kan zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, shi ya sa yake barin sa a tsakiyar gona. Wannan sani da sunan yake tafe, ba da alƙalami ba. Haka kuma Bahaushe ya bambanta ɓaure da gamji da ceɗiya da durumi, waɗanda kimiyya ta tara a dangi guda (mazaunin unguwar Durumi a Abuja ba lalle ne ya iya nuna itacen ba). Kalmar doka ma ta shiga sunan kimiyya, wato Isoberlinia doka.

Matsalar ita ce bambancin karin harshe. Itacen da aka shigo da shi Borno a 1928, ɗan asalin Indiya, wasu na ce masa dogon yaro, wasu darbejiya, wasu maina, wasu bedi. Wanne za a rubuta a allon da ke gindinsa? Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, Bargery ya ƙara a ƙamusunsa na 1934, Gbile kuma a 1980, amma da yawa an rubuta su ba tare da alamar karin sauti ko tsawon wasali ba, wani lokaci ma ba a bambanta k da ƙ. Ya kamata allon ya ɗauki sunan daidaitacciyar Hausa da na kare-karenta, tare da na Gbagyi, tun da su aka tarar a wurin.