Gubar Dalma: Gargaɗi ga Maharba

Zuwa ga Hakimai da malamansu, domin a karanta wa dagatai da sarakunan baka na Gidan Goga da sauran ƙasar Maradun, Bakura da Talata Mafara.

Dalmar da a ke yin harsashi da ita guba ce. Cikin shekarar 2010 ƙurarta ta hallaka yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, inda a ke niƙa dutsen zinariya cikin gidaje. Maharbi ya kan shaƙe ta in yana narka dalma ko harbi, kuma ya kai ta gida a hannu da tufafi. Babba ta kan sa shi ciwon ciki da kasala, yaro kuwa ta kan taɓa masa ƙwaƙwalwa, har ya riƙa suma.

Saboda haka, a narka dalma a fili, nesa da yara da mata masu ciki, kada kuma a yi da tukunyar girki. Kada a sa harsashi a baka. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ko goro. A ware rigar farauta, a wanke ta dabam. A yanke naman da ke kewaye da wurin harbi, a binne. Wanda ya ji alamun nan, lalle ya tafi asibiti a auna jininsa.