Bauchi: Ɗigon jinin da ke raba olsa da bugun zuciya

A Bauchi, wanda ƙirji ya ɗaure masa cikin dare yakan fara ɗora laifin kan olsa. A aika kemis a Wunti ko Yelwa, sai abin ya ci tura a nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Idan jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe, wannan jinkiri yana da tsada. Naman zuciyar da ya mutu ba ya sake tsirowa, allurar narkar da gudan jini kuma amfaninta na raguwa da kowace sa'a, har ya kusa ƙarewa bayan sa'a 12.

Zuciyar da ta ji rauni tana zubar da wani sinadari cikin jini, turofonin. Likitan Jamus Hugo Katus ne ya ƙirƙiro gwajinsa a Heidelberg cikin shekarun 1980, kuma tun 2000 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka mayar da shi babban ma'auni. Yanzu gwajin ya fito daga ɗakin bincike ya dawo tafin hannu. A kan ɗiga jini cikin wani ɗan kwanso, ƙwayoyin da aka shafa a ciki su cafke turofonin, na'ura ta karanta yawansa ta hanyar lantarki. Dangin na'urar auna sukari ce da masu ciwon suga suka saba da ita. Irin su i-STAT na ba da sakamako cikin kusan minti 10.

Ba ta maye gurbin likita ba. Turofonin kan ɗauki sa'o'i kafin ya hau, don haka dole a maimaita gwajin, a haɗa da awon bugawar zuciya. Ciwon ƙoda ma yana ɗaga shi.

Inda ta fi amfani shi ne asibitin da mara lafiya ya fara isa, a Dass ko Alƙaleri, inda ake yanke shawarar a riƙe shi ko a kama hanyar Bauchi da shi. Nan ne maganar ta dawo teburin Abuja. Na'ura sau ɗaya ake saye, a yanke kyalle, a ɗauki hoto. Kwanson kuwa kowane gwaji sai sabo, yana da wa'adi, kuma yana buƙatar firiji a jihar da zafin Afrilu ke kusantar digiri 40. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, amma sai an rubuta kuɗin kwanson cikin kasafi kafin ya isa Alƙaleri.