A Ɗaura Kafin a Tashi: Gaskiyar Lamari Game da Bizar Aure Zuwa Amurka

Auren nesa ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Fatake sun yi aure a Gwanja, alhazan ƙasa sun yi aure a Sudan, kuma an sha kai amarya tafiyar makonni daga gidan ubanta. Abin da ya canza shi ne, yau idan mijin yana zaune a Amurka, to akwai gwamnati a tsaye tsakanin gidan iyayen amarya da ɗakinta, kuma gwamnatin nan tana da nata tambayoyin. So take ta tabbatar auren na gaskiya ne, wanda zai shigo ba mai laifi ba ne, kuma ba zai zame wa baitulmali kaya ba. Ko yarinyar za ta zauna lafiya, ko saurayin da ya bi matarsa zai iya ɗaga kai a gidanta, wannan tambayar iyaye ce, kuma ba jami'in biza ne zai yi musu ita ba. Dokar Amurka ta buɗe ƙofofi biyu. Ta farko bizar baiko ce, K-1, wadda ake shiga da ita ba aure, a ɗaura a can. Ta biyu bizar aure ce, CR-1, wadda ake nema bayan an ɗaura a gida. Ra'ayina shi ne, ga yawancin Hausawa ƙofa ta biyu ta fi aminci, duk da cewa ta farkon ce ta fi suna a bakin matasa.

Majalisar dokokin Amurka ta ƙirƙiri bizar baiko a 1970, zamanin yaƙin Biyetnam. Ɗan ƙasa ne kaɗai ke iya nemanta. Mai katin zama na dindindin, wato girin kad, ba shi da wannan dama. Ɗan ƙasar ne zai cike takarda mai lamba I-129F ya miƙa wa hukumar shige da fice ta USCIS, tare da shaidar cewa shi da wadda zai aura sun ga juna ido da ido cikin shekaru biyun da suka gabata, kuma babu igiyar aure a kan kowannensu. Ana iya ɗage sharaɗin ganin juna idan ya saɓa wa wata tsayayyar al'ada ta mutanen amarya, ko zai jawo wa mai nema wahala mai tsanani, amma ba a ɗage shi da sauƙi. Idan hukumar ta amince, takardun su bi ta cibiyar biza ta ƙasa zuwa ofishin jakadanci. A Najeriya ƙaramin ofishin jakadancin da ke Legas ne ke wannan aiki, don haka 'yar Katsina ko Sakkwato sai ta niƙi gari zuwa can. Za a duba lafiyarta a wurin likitan da ofishin ya amince da shi, ta kawo takardar 'yan sanda, ta zauna gaban jami'i ya yi mata tambayoyi. In ta dace, bizar tana aiki har wata shida, shiga ɗaya tak. Daga ranar da ta sauka kuma, kwana 90 gare su su ɗaura aure.

A nan ne mutane da yawa ke zaton an gama, alhali a nan ne nauyin yake farawa. Wadda ta shiga da bizar baiko ba ta da katin zama. Bayan ɗaurin aure sai ta sake cike wata takarda, I-485, ta biya kuɗi, ta zauna jira, kuma jiran kan ɗauki watanni. A wannan tsakani ba za ta yi aiki ba sai takardar izinin aiki ta fito. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, idan ta fita daga ƙasar ba tare da wata takardar izinin tafiya ta musamman ba, ana ɗauka ta yi watsi da neman katin. Ke nan idan mahaifinta ya rasu a watan da ta tare, sai ta zaɓa tsakanin zaman makoki da takardunta. Sannan doka ta ɗaure ta da mutum ɗaya: ba za ta samu katin zama ta hanyar auren kowa ba sai wanda ya nema mata bizar. In ya sauya ra'ayi a kwana na sittin, ko ita ta gane ba shi ne mutumin da take hira da shi a waya ba, bizar ba a sabunta ta, ba a kuma ƙara mata kwanaki. Sai dai ta tattara ta dawo, ko ta zama mai zaman da ya saɓa doka. Namijin da ya bi Ba'amurkiya ta wannan hanya, halinsa ɗaya ne sak.

Wadda aka ɗaura wa aure a gida kuwa, mijinta takardar I-130 zai cike, kuma duk jiran da za ta yi, a gaban iyayenta za ta yi shi, tana karatunta ko sana'arta. Ranar da ta sauka a filin jirgi tana shiga ne da matsayin mai zama na dindindin. Tana iya fara aiki, tana iya dawowa ganin gida. Ko ta fuskar kuɗi ma akwai tazara. Bisa farashin da ya fara aiki a watan Afrilun 2024, takardar baiko dala 675 ce, bizar dala 265, neman katin zama kuma dala 1,440, jimla dala 2,380, ban da kuɗin izinin aiki da na tafiya. Manyan kuɗaɗen hanyar aure kuwa ba su kai dala 1,400 ba. Kuɗin asibiti da na jirgi suna kan kowa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, wanda masu ba da shawara a intanet ba su cika lura da shi ba. Da wuya a samu uba Bahaushe da zai yarda 'yarsa ta hau jirgi zuwa gidan saurayi ba tare da an shafa fatiha ba, kuma yana da gaskiya. Sai wasu su ce to a ɗaura a masallaci a asirce don a huta da haram, a ci gaba da neman bizar baiko tunda ba a je rajista ba. Wannan kuskure ne mai tsada. Auren Musulunci aure ne a idon dokar Najeriya, Amurka kuma a ƙa'ida tana karɓar auren da ya halatta a inda aka ɗaura shi. Da zarar waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, an ambaci sadaki gaban shaidu, su biyun sun fita daga sahun masu baiko. Wadda ta ɓoye hakan ta ce wa jami'i ba ta da aure ta yi ƙarya a kan abu mai muhimmanci, kuma hukuncin irin wannan ƙarya na iya zama haramcin shiga ƙasar har abada. Hatta hotunan sa rana, idan aka cika su da anko da taro har suka yi kama da biki, suna iya jefa shakku a zuciyar jami'in. Bizar baiko an ɗinka ta ne daidai jikin al'ummar da saurayi da budurwa kan zauna tare kafin aure. Mu idan muka sa ta, ko dai ta matse mu ta wajen addini ko ta wajen doka.

Sai dai hanyar auren ma tana da ramin da ya kamata a sani. Mu a al'adarmu ba dole ango da amarya su halarci wurin ɗaurin aure ba, har akan ɗaura ango yana wata ƙasa, baffansa ya karɓa masa. Dokar shige da fice ta Amurka ba ta lissafa auren da aka ɗaura ma'auratan ba sa wuri ɗaya ba, sai idan sun tare bayan nan. Saboda haka dole angon ya zo gida, a kai masa amarya, a ajiye shaidar zuwan nasa, kama daga tambarin fasfo har hotuna. Haka batun mace fiye da ɗaya: tun 1891 Amurka ta rufe ƙofa ga masu wannan aure, har yau kuma ba a ba da izinin zama ga wanda zai je ya ci gaba da shi. Mai uwargida a Zariya ba zai ƙara da Ba'amurkiya ya bi ta ba, mai mata a can kuma ba zai ɗauko amarya daga gida ba. Bazawara ko wanda ya taɓa saki sai ya kawo takardar da ke tabbatar da mutuwar auren farko. Sakin baki, ko ɗan rubutun da miji ya miƙa cikin fushi, ba ya gamsar da jami'in biza; sai an nemi takardar kotu.

Hujja mafi ƙarfi da masu son bizar baiko ke kawowa ita ce kwanaki 90 ɗin nan dama ce ta gwaji: ta ga gidan, ta ga halin mutumin, ta ɗanɗana sanyin garin, in bai yi mata ba ta dawo ba tare da ta zama bazawara ba. Maganar tana da daɗin ji, amma a duba wanda ke riƙe da wuƙa da nama a cikin kwanakin. Ita baƙuwa ce, ba aiki, ba kuɗi, ba dangi, sau da yawa ma tikitin dawowa a aljihunsa yake. Wanda aka ajiye a irin wannan hali ba gwaji yake yi ba, lallaɓawa yake yi. Ga kuma kunyar dawowa gida hannu rabbana bayan an yi sallama da kowa, wadda takan sa mutum ya haɗiye abin da bai kamata ya haɗiye ba. Su kansu Amurkawa sun ga illar wannan rashin daidaito. A 1995 wani mutum ya harbe matarsa 'yar Filifin, tana da juna biyu, a cikin ginin kotu a Siyatil. A 2000 kuma aka kashe wata 'yar Kirgistan a jihar Washinton, inda Siyatil take, mijinta na da hannu. Irin waɗannan kashe-kashe ne suka kai ga dokar 2005 da ta wajabta a sanar da amarya tarihin laifuffukan mai nemanta, ta kuma taƙaita yawan matan da mutum ɗaya zai yi ta nema wa bizar baiko. Dokar ta yi amfani, amma abin da ya kai kotu kaɗai take iya nunawa. Zafin rai, rowa, shaye-shaye, yadda mutum ya rabu da matarsa ta farko, waɗannan sai binciken da iyayenmu suka saba yi kafin su ba da 'ya, ta bakin limamin masallacin da yake salla da 'yan gida mazauna garin.

Hujja ta biyu ita ce sauri. Gaskiya ne an yi shekarun da bizar baiko ta fi fitowa da wuri, amma tazarar tana matsewa tana buɗewa gwargwadon cunkoson hukuma, kuma duk watan da aka rage a Legas ana biyan bashinsa a can, cikin jiran katin zama. Hujja ta uku ce ba ta da amsa mai sanyaya rai: idan aka ɗaura aure sannan aka hana biza fa? Yarinya ta zama matar aure, miji yana wata duniya, ba ta ga tsuntsu ba ta ga tarko. Wannan haɗari ne na gaske. A watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Muñoz, ta yanke cewa tsarin mulki bai ba ɗan ƙasa haƙƙin lallai a shigo masa da matarsa ko mijinta ba, kuma kotuna ba su cika taɓa hukuncin jami'in biza ba. Siyasa ma tana shigowa. A farkon 2020 an dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya, aka ɗage a watan Janairun 2021. A watan Yunin 2025 Chadi da Sudan suka shiga cikin ƙasashe 12 da aka rufe wa ƙofa, inda aka yi wa matan aure da mazan aure na 'yan ƙasa sassauci amma ba a ambaci masu baiko ba. A watan Disamban shekarar aka faɗaɗa takunkumin ya haɗa da Nijar, ya taɓa Najeriya, aka kuma janye sassaucin da aka yi wa iyalai. Don haka kafin a sa rana ya kamata waliyyi ya tambayi mai nema kai tsaye: in Amurka ta ƙi, a ina za ku zauna, kuma wa zai ciyar da ita har a ga abin da hali zai yi? Amsarsa za ta nuna ko matar yake so ko kuwa an gina maganar ne a kan biza.

Ko ta wace ƙofa aka shiga, akwai abubuwan da ya kamata mai tafiya ya riƙe a ka, domin miyagun mazaje da miyagun mata da jahilcin baƙo suke cin kasuwa. Tun dokar 1986, idan auren bai kai shekara biyu ba lokacin da aka ba da katin zama, katin na sharaɗi ne, na shekara biyu, kuma cikin kwanaki 90 na ƙarshensa ma'auratan za su nemi a cire sharaɗin tare. Wannan ne sandar da ake yi wa baƙo barazana da ita: ki yi mini biyayya ko in sa a kore ki. Amma doka ta ba wadda aka saka, ko ake dukanta, damar neman cire sharaɗin ita kaɗai muddin ta nuna auren na gaskiya ne tun farko, kuma dokar 1994 mai kare mata daga cin zarafi ta ba wanda ake zalunta, mace ko namiji, damar neman katin zama ba tare da sanin mai zaluncin ba. Shi kuma mai ɗaukar nauyi, wato wanda ya nema mata bizar, ya sa hannu a takardar I-864, inda ya nuna samunsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnati, ya kuma ɗauki alkawarin da saki ba ya warwarewa. Yana kansa har sai ta zama 'yar ƙasa, ko ta cika kimanin shekara goma na aiki, ko ta bar ƙasar baki ɗaya. Auren bogi don takarda kuwa hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara biyar da tarar dala 250,000, ga kuma rufe ƙofa ga duk wata takardar iyali da za a nema wa mutum daga baya. Fasfo da takardar aure da katin zama su kasance a hannun mai su, kwafinsu kuma a ajiye wurin iyaye a gida.